Kalmar "malleable": ma'anarta, furucinta da inda ta dace a saka ta

Wani ɗalibi mai shirin jarrabawar kammala sakandare ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a littafinmu na kimiyyar sinadarai an ce ƙarafa malleable ne, sai kuma na ci karo da kalmar a wata jaridar Turanci inda aka rubuta cewa manyan jam'iyya suna neman ɗan takara malleable. Shin kalma ɗaya ce ko biyu? Yaya ake furta ta, kuma idan aka siffanta mutum da ita, yabo ne ko suka?"

Ɗana, kalma ɗaya ce, kuma ma'anonin biyu da ka gani daga tushe ɗaya suka fito, wato daga guduma. A harshen Latin ana kiran guduma "malleus", daga nan aka samo aikatau "malleare", bugu da guduma, sannan aka samo siffa "malleabilis", abin da ke buguwa da guduma. Kalmar ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, kuma sai a farkon ƙarni na 17 aka fara arota ana siffanta mutane da halayensu da ita. Tana da dangi a Turanci waɗanda har yanzu ke riƙe da ma'anar farko: "mallet" ita ce gudumar katako, "malleus" kuwa shi ne sunan da likitoci ke kiran wani ɗan ƙaramin ƙashi a tsakiyar kunne saboda kamarsa da guduma, yana maƙwabtaka da wasu ƙasusuwa biyu da aka sa wa sunan uwar maƙera da likkafa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san kalmar a matsayin "malléable", da ma'ana iri ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya ga ma'anar kalmar da idonsa kafin ya buɗe ƙamus. Yaro yana jan zuga-zugi, gawayi ya yi jajir, maƙeri ya sa awartaki ya ɗauko guntun ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera, ya shiga dukansa da masaba. Kowane bugu yana sa ƙarfen ya ƙara faɗi ya rage kauri, gefensa yana buɗewa kaɗan-kaɗan, har abin da ɗazu dunƙule ne ya koma ruwan fartanya. Abubuwa uku ne suka faru a gaban mai kallo, kuma duk ukun suna cikin wannan kalma. Ƙarfen bai sauya siffa don kansa ba, wani ne daga waje ya sauya shi. Bai fashe ba, bai tsage ba. Da aka daina bugu kuma bai koma yadda yake ba, ya zauna a siffar da aka ba shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kau, to wata kalma ce ta dace, ba wannan ba, kuma ina roƙonka ka riƙe su ukun, domin da su za mu auna duk abin da zai biyo baya.

A darasin kimiyya ana nufin ƙarfen da za a iya bugawa, ko a matse shi tsakanin naɗe-naɗen inji, ya zama falle ba tare da ya tsage ba. Zinariya ce kan gaba a wannan hali, babu ƙarfen da ya kamo ta. Giram ɗaya tak na zinariya ana iya buga shi ya shimfiɗu ya rufe fili mai kusan mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Fallen zinariyar da ake liƙawa a bangon littattafai da ƙubbobin gine-gine yana da sirantar da sai an jera kimanin guda 10,000 kafin kaurinsu ya kai milimita ɗaya, kuma idan aka ɗaga mai tsananin siranta aka fuskanci haske, hasken yana ratsa shi ya fito da launi tsakanin kore da shuɗi. Wannan hali ne ya sa a shekarar 1909, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden suka yi amfani da fallen zinariya a gwajin da ya kai Ernest Rutherford ga bayyana, a 1911, cewa ƙwayar zarra tana da ƙaramar cibiya mai nauyi a tsakiyarta. Bayan zinariya sai azurfa, da alminiyam, da jan ƙarfe, da kuza, da dalma. Takardar alminiyam da ake naɗe abinci da ita misali ne da ke hannun kowa.

Dalilin da ya sa ƙarfe ke buguwa, kantun gishiri kuwa ya tarwatse, yana cikin tsarin ƙwayoyinsu. A cikin ƙarfe ƙwayoyin zarra suna jere sahu-sahu, kuma ilektron ɗin da ke ɗaure su, wato 'yan ƙananan ɓurɓushi masu cajin lantarki, ba na kowace ƙwaya ba ne ita kaɗai, na tarayya ne, suna yawo a tsakaninsu duka. Idan guduma ta sauka, sahu ɗaya yana zamewa a kan ɗan'uwansa, ya tarar da maƙwabta irin waɗanda ya bari, ɗaurin bai tsinke ba. A cikin gishiri kuwa ƙwayoyi masu caji iri biyu ne ke jere bi da bi, don haka da zarar sahu ya goce sai masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, dunƙulen ya dare. Abin da ke darewa ko ya farfashe haka shi ake kira "brittle", kuma ita ce kishiyar kalmarmu a kimiyya. Gilashi da tangaran da ƙarfen zubi duk suna cikin wannan rukuni. Maƙeran fari sun san wani abu a nan tun kafin a rubuta shi a littafi: azurfa ko tagulla idan ta sha bugu tana taurara har ta fara barazanar tsagewa, sai a mayar da ita wuta ta yi zafi ta huce, ta sake karɓar guduma. Ke nan halin ba tsayayye ba ne, zafi yana ƙara shi, yawan bugu yana rage shi.

Akwai kalma ta biyu da masu shirya jarrabawa ke son haɗawa da wannan don su ga wanda ya fahimta, ita ce "ductile". Ita tana nufin abin da za a ja shi ya miƙe ya zama waya ba tare da ya tsinke ba. Ɗaya ta shafi dannawa da bugu, ɗaya ta shafi ja. Zinariya da jan ƙarfe sun haɗa halayen biyu, wannan na cikin dalilan da suka sa ake yin wayoyin lantarki da jan ƙarfe, amma dalma ta raba gardama: tana shimfiɗuwa cikin sauƙi a ƙarƙashin guduma, idan aka ja ta kuwa ba ta daɗewa take tsinkewa. Haka nan kada ka ɗauka laushi da buguwa abu ɗaya ne. Alli yana da laushin da farce ke kankare shi, amma idan ka buga shi gari zai zama. Baƙin ƙarfe yana da tauri, duk da haka yana ƙeruwa.

Yanzu furuci, kuma nan ne na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe, ba don kalmar tana da wuya ba, sai don harshenmu yana da ƙa'idojinsa masu ƙarfi da suke bin mu har cikin Turanci. Gaɓoɓinta huɗu ne, kuma idan aka rubuta su da haruffan Hausa za su fito kusa da haka: MA-li-ya-bul. Nauyin murya yana kan gaɓar farko kaɗai, sauran ukun ana wuce su da sauri da sauƙi. Wasalin gaɓar farko shi ne wanda ke cikin kalmar Turanci "cat", gajere ne, yana tsakanin a da e a bakin Amurkawa, a bakin Turawan Ingila na yanzu kuwa ya fi kusa da gajeren a namu, saboda haka idan ka faɗi a ɗin da ke cikin "mace" ba ka yi nisa ba. Wasu Amurkawa suna taƙaita kalmar zuwa gaɓoɓi uku, su ce MAL-ya-bul, kuma ƙamusoshinsu sun amince da hakan, amma mai koyo ya fi samun kwanciyar hankali da gaɓoɓi huɗu.

Kuskure na farko yana fitowa daga harafin l da aka rubuta sau biyu. A Hausa idan muka ninka baƙi a rubuce, muna ninka shi a baki, kuma ma'ana tana sauyawa da shi: "kulle" daban yake da "kule", kuma duk Bahaushe yana jin tsayawar harshe a cikin "kallo" da "salla". Turanci ba haka yake ba. Ninkin baƙi a tsakiyar irin wannan kalma al'adar rubutu ce kawai, a baki l ɗaya ne. Wanda ya ce mal-li-ya-bul, yana danne l ɗin kamar yadda yake yi a "kallo", za a gane abin da yake nufi, amma ba haka masu harshen ke faɗa ba. Kuskure na biyu yana cikin haruffan "ea". Ɗalibi ya saba ganinsu a "meal" da "read" suna ba da dogon i guda ɗaya, sai ya ce ma-lii-bul, ya kuma kai nauyin murya gaɓa ta biyu. A wannan kalma e da a ba tare suke ba, e na tushen kalmar ne, a kuwa farkon ɗafa-ƙeyar "able" ne, kowanne da gaɓarsa. Kuskure na uku yana ƙarshe. Bakin Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi da l a manne, shi ya sa "table" ta zama tebur, "candle" ta zama kyandir, "pencil" ta zama fensir. Waɗannan kalmomi sun zama namu, kuma daidai suke a Hausa. Amma a Turanci ƙarshen kalmarmu l ne, wasalin da ke gabansa kuma raunanna ne ƙwarai, kusan b ɗin yana faɗawa kan l kai tsaye. Ka ɗora kan harshenka a bayan haƙoran sama ka bar shi a can, kada ka karkaɗa shi.

Idan aka mayar da kalmar suna, sai ta zama "malleability", kuma nauyin murya yana ƙaura daga gaɓar farko zuwa ta huɗu: ma-li-ya-BI-li-ti, gaɓoɓi shida. Wannan ƙaura ƙa'ida ce a kalmomin da suka ƙare da "ability" ko "ibility", kamar yadda "possible" ke komawa "possibility".

A rubuce haruffan "malleable" tara ne, l biyu a farko, sannan e kafin a, kuma waɗannan biyun ne ake yawan mantawa. Wani ruɗani da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa tana da alaƙa da "mal" ɗin da ke cikin "malice" da "malnutrition" da "malaria", wanda ke nufin mugu ko maras kyau. Wancan daga wata kalmar Latin ce daban, "malus", babu abin da ya haɗa su sai kamannin haruffa. A nahawu siffa ce, tana zuwa gaban suna kamar a "a malleable metal", ko bayan aikatau kamar a "gold is malleable". Wajen kwatanci ana cewa "more malleable" da "most malleable", kuma ana yawan raka ta da kalmar "highly" don ƙarfafawa. Ba ta da aikatau da ake amfani da shi a maganar yau da kullum, idan ana son faɗin aikin sai a ce "shape" ko "mould".

Sai ma'anar aro, wadda ita ce ka gani a jarida. Da Turawa suka ɗauki kalmar daga maƙera suka kai ta kan mutane, sun tafi da sharuɗɗan nan uku gaba ɗaya, har da gudumar. Duk inda aka ce mutum malleable ne, akwai wani a gefe mai riƙe da guduma, ko an ambace shi ko ba a ambace shi ba. Saboda haka amsar tambayarka ta yabo ko suka ta danganta ga wanda ake magana a kansa. Idan yaro ne, babu aibu. Jimlar "young minds are malleable" tana faɗin abin da iyayenmu suka daɗe suna faɗa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a cikinta akwai fata da gargaɗi a haɗe, tunda hannun da ya fara isa ga yaro shi zai bar masa siffa. Idan kuwa babba ne, musamman mai riƙe da amana kamar alƙali ko shugaba ko ɗan majalisa, kusan kullum suka ce. Marubucin jaridar da ya ce manyan jam'iyya suna neman "a malleable candidate" yana nufin suna neman wanda za su riƙa juyawa, raƙumi da akala, wanda ba shi da ra'ayin kansa da zai tsaya a kai. Ya zaɓi kalmar ne domin tana da ladabi a fuska, amma mai karatu ya san abin da aka faɗa.

Na taɓa duba wasiƙar neman aiki da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini kafin ya aika, yaro mai hazaƙa da ladabi. A sakin layi na biyu ya rubuta "I am hardworking and malleable". Da na tambaye shi abin da yake son faɗa, sai ya ce yana nufin yana saurin sabawa da sabon wuri da sabon aiki. Ya duba ƙamus ya ga an jera kalmar tare da "flexible" da "adaptable", sai ya ɗauki wadda ta fi kama da babban Turanci. Abin ya dame ni, domin da wasiƙar ta tafi haka, da ya gaya wa masu ɗaukar aiki da bakinsa cewa kowa na iya sarrafa shi, kuma aikin da yake nema na kula da kuɗi ne. Muka goge ta muka sa "adaptable". Bambancin shi ne mutum "adaptable" shi ke sauya kansa don ya dace da hali, ikon yana hannunsa, mutum malleable kuwa sauya shi ake yi. "Flexible" tana nufin abin da ke lanƙwasuwa ba ya karyewa, kamar tsumagiya, kuma ga mutum yabo ce, mai sauƙin kai wanda ba ya kafewa. "Elastic" ita ce ta roba, wadda ke miƙewa ta dawo yadda take, abin da kalmarmu ba ta yi. Wadda ta fi kusa da ita a kan mutane ita ce "pliable", sai "impressionable" ga matashin da duk abin da ya gani ke kama zuciyarsa. Ƙamus yana jera kalmomi a layi ɗaya saboda kusancinsu, ba don kowace tana iya zama a kujerar 'yar'uwarta ba, kuma shawarata ita ce kada mutum ya siffanta kansa da wannan kalma a takardar neman aiki ko neman gurbin karatu.

Akwai fage na uku inda ba yabo ba ce ba kuma suka ba, bayani ne kawai, wato rubuce-rubucen masana. Masu nazarin halayyar ɗan'adam suna yawan cewa "memory is malleable", ma'ana abin da mutum ya tuna yana iya sauyawa da abin da aka faɗa masa daga baya. Sanannen misali shi ne binciken Elizabeth Loftus da John Palmer na shekarar 1974 a Amurka. Sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi, amma suka sauya aikatau ɗaya a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da "smashed", wato suka yi kaca-kaca, sun ƙiyasta gudu sama da mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da "hit", wato suka bugi juna, suka ce mil 34. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi mahalarta ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Mutum 16 cikin 50 na rukunin kalma mai zafi suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 ne cikin 50. Dubi yadda kalmar ta zauna daram a nan: tambayar ita ce gudumar, tunanin bai rushe ba, ya ɗauki sabuwar siffa ya riƙe ta, mai shi kuma yana rantsuwa da gaskiyarsa cewa haka ya gani. Da irin wannan ma'ana ake cewa doka ko al'ada ko ra'ayin jama'a malleable ne.

Idan ka zo fassara ta zuwa Hausa, kada ka wahalar da kanka da neman kalma guda, domin harshenmu yana da hanyarsa ta faɗin abin da Turanci ke faɗa da "able". Muna da aikatau masu ƙarewa da u, waɗanda masana nahawun Hausa ke sakawa a aji na bakwai: bugu, ƙeru, sarrafu, juyu, tanƙwaru. Idan muka ce abu yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa, mun faɗi yiwuwar aikin ko rashinta ba tare da mun ambaci mai yi ba, kuma wannan shi ne ainihin aikin ɗafa-ƙeyar Turancin. Don haka a darasin kimiyya ka ce ƙarfe mai buguwa ko mai ƙeruwa, jimlar littafinku kuma ta zama "ƙarafa suna buguwa su shimfiɗu ba tare da sun tsage ba". A kan yaro ka ce mai tanƙwaruwa, a kan yumɓu ko kakin zuma ka ce mai sarrafuwa. Jimlar jaridar kuwa, idan kana son ka riƙe ladabinta, ka ce manyan jam'iyya suna neman ɗan takara mai juyuwa, idan kuma kana son ka fito da abin da marubucin ya ɓoye a ƙarƙashinta, ka ce suna neman wanda sai yadda suka yi da shi.